Keken fita gulbi kullum a lokacin ɗari: baƙi mai kariya, ɗan Japan, VTT na gwanjo ko sabo mai sheƙi?

Ɗari na huɗu ke nan ina fita a kan keke da zarar an sallame asuba, daga gidanmu a unguwar Zariya ta birnin Maraɗi in gangara gulbi, in dawo kafin tara in watsa ruwa in tafi aiki. Likita ne ya fara tura ni saboda hawan jini, tsuntsaye kuma suka riƙe ni. A tsakanin nan na mallaki keke uku, na huɗun na ɗan ƙanena ne da na ara mako biyu, na mayar masa ina ba shi haƙuri. Tun da aka ga na ɗore, duk wanda ya yi niyyar farawa sai ya tare ni a ƙofar masallaci: Malam, wanne zan saya?

Amsar tana da tsawo, shi ya sa na rubuta ta. Kuma ba maganar gudu nake ba. Mai son tsere ya nemi ƴan tsere. Ina magana da wanda yake son ya hau kullum daga Nuwamba har Fabrairu ba fashi, ya kuma tsaya ya kalli abin da ya sauka a kan gawo in ya ga dama.

Abubuwan da nake auna keke da su

Na farko hawa da iska. Tun ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari a fadama, Maraɗi a kan tudu take, gulbi yana ƙasa ta yamma. Iskar hunturu kuwa daga gabas maso arewa take zuwa. Wato a tafiya gangara kake, iska tana bayanka, kowane keke sai ka rantse doki ne. A dawowa ne gaskiya ke fitowa: hawa kake, iska tana dukan fuskarka, ga shi da sassafe a kwance take, sai hantsi ya ɗaga ta tashi da ƙarfinta. Duk keken da za a gwada, a dawowa ake gwada shi.

Na biyu rairayi. Da ka bar kwalta, ko a cikin unguwa ne, ka shiga yashi. Siririyar taya tana nitsewa ta yanke shi kamar wuƙa, gaban keke ya karkace, ka dire ƙafa. Faffaɗar taya da aka ɗan rage wa iska tana bi ta sama.

Na uku ƙura. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar garin alkama, ba inda ba ta shiga. In ta haɗu da man da ke jikin sarƙa sai ta zama wani baƙin kwaɓi mai cin ƙarfe a hankali, ya cinye sarƙar, ya cinye haƙoran da take bi. Saboda haka abin tambaya shi ne: nawa ne daga kayan keken ke waje a buɗe, nawa ne a rufe?

Na huɗu ƙaya da gyara, kuma a nan ne yawancin masu farawa ke watsewa. Ba sanyi ke hana su ba, ko da yake a Disamba da Janairu asuba takan sauka wajen digiri 13 zuwa 15, hannu ya ƙage a kan ƙarfe. Abin da ke faruwa shi ne tsidau ko ƙayar aduwa ta huda taya yau ba ka sani ba, iska ta yi ta fita cikin dare, gobe ƙarfe shida ka fito da hular sanyi da kuzari ka tarar da taya kwance. Mai faci ba ya buɗewa sai rana ta fito, a Janairu kuwa ba ta fitowa sai wajen bakwai. Ka ce to gobe. Goben nan ta cinye mutane da yawa. Keken da kowane mai faci a bakin hanya yake da tayarsa da tub ɗinsa ya fi wanda sai an aika Kano.

Na biyar shiru da sauƙin tsayawa. Mai zuwa aiki bai damu da wannan ba, mai kallon tsuntsu kuwa shi ne rabin zancen. Keke mai ƙara yana isa kafin kai. Kuma in ka hango tsanwaka a kan waya, shuɗinta yana walƙiya cikin hazo, dogayen gashin wutsiyarta biyu suna lilo, kana da ɗan lokaci kaɗan ka tsaya, ka dire ƙafa, ka ɗauko madubin hangen nesa. Ina madubin yake? Ina za ka sa rigar sanyin da ka tuɓe da rana ta yi? Duk keke ne ke ba da amsa.

Na shida haɗari: birki, fitila, da idon ɓarawo.

Sai kuɗi. Farashin keke a Maraɗi yana bin naira ne da halin da iyaka ke ciki. Tun da aka rufe hanyar Benin a 2023, kayan gwanjon da a da ke shigowa kai tsaye daga Kwatano sai sun zagaya, kuɗin zagayen kuma mai saye ke biya. Lambar da na rubuta yau ba za ta kai wata biyu ba. Dabarar ita ce ranar da za ka saya ka fara tambayar kuɗin sabon baƙin keke, ka riƙe shi a matsayin mudu, ka auna sauran da shi. Haka zan yi a nan.

Baƙin keke mai kariya

Keken iyayenmu. Asalin ƙirar ta Ingila ce, irin ta Raleigh, amma waɗanda ke kasuwa yanzu na Sin ne kamar Phoenix, ko na Indiya kamar Hero da Avon. Taya inci 28, giya ɗaya, birkin sanda, ƙarfe tun daga kai har ƙafa, nauyinsa wajen kilo 20.

A fannin gyara babu na biyunsa. Daga babbar kasuwa har ƙauyen da ya fi kowane ƙanƙanta a hanyar Tibiri, za ka sami wanda ya san cikinsa da bayansa, kayan kuma suna rataye a rumfa. In wani wuri ya karye mai walda ya ɗinke. Ƙura ba ta cika damunsa ba, don ba shi da abin da za ta lalata sai sarƙa, in kuwa mai murfin sarƙa ne to an gama magana. Kariyarsa tana ɗaukar buhu. Na sha dawowa daga Jiratawa da ƙunshin zogala da salak a baya ban ji komai ba.

Inda yake ba da kunya shi ne hawan tudu da iska a gaba. Giya ɗaya ce, kuma an yi ta ne don shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ga mai shekara hamsin da gwiwa ta fara magana, dawowa daga gulbi takan zama turi. Akwai magani mai arha: a cire ƙaramin faifan baya mai haƙora 18 a sa mai 20 ko 22. Gudu zai ragu, hawa ya yi sauƙi ƙwarai. A rairayi tsaka-tsaki ne, girman tayar yana taimakonsa, rashin faɗinta yana kayar da shi.

Wajen tsuntsu fa? Surutu. Madigadi, sandunan birki, murfin sarƙa, jak ɗin tsayawa, kowa da muryarsa da zarar ka hau burji. Ana rage shi da ɗaure noti da cusa guntun roba, amma ba ya ƙarewa. Kuma dogo ne, in kai ba dogo ba ne sai ka sauko daga sirdi kafin ƙafa ta taɓa ƙasa. Birkin sanda a rani yana kamawa daidai gwargwado, muddin rim bai lanƙwashe ba. Abu ɗaya game da sababbin: ƙarfensu bai kai na da ba, kuma yadda aka haɗa su ya danganta da hannun wanda ya fito da su daga kwali. Tsohon da aka riƙe da kyau ya fi sabo.

Ɗan Japan mai kwando

Wannan shi ne wanda na raina da farko, na ce keken mata ne da ƴan lakkol, har na hau. Ba shi da sandar tsakiya, saboda haka da doguwar riga ma za ka hau ba tare da ka tattare ta ba. A miƙe kake zaune, kanka a sama, kana ganin saman itatuwa maimakon tayar gaba. Ga kwando a gabanka, madubin hangen nesa yana ciki naɗe da rigar sanyi don kada girgiza ta ɓata shi. Da ka ja birki ƙafa biyu suna ƙasa. Yawancinsu suna zuwa da fitila mai aiki da juyin taya, da makulli a manne a baya, da murfin sarƙa. Wasu suna da giya uku a ɓoye cikin cibiyar tayar baya, galibi ta Shimano, inda ƙura ba ta kai wa. Ga hunturu wannan babbar ni'ima ce: giya uku sun ishe ka hawan tudun Maraɗi, kuma shekara sai ta wuce ba ka taɓa su ba.

Kuɗinsa yakan zo kusa da mudunmu, mai giya ɗaya ƙasa kaɗan, mai giya uku da ke da sauran kyau sama kaɗan.

Aibinsa uku ne. Na farko, a rairayi rago ne. Tayar siririya ce, nauyin kwando kuma yana gaba, da ka shiga yashi mai zurfi sai ya fara rawa. Na biyu, girman taya. Za ka ga an rubuta 26 a jikinta ka ɗauka irin ta VTT ce, wato keken nan mai faffaɗar taya da giya da yawa da aka yi don bin kowace irin hanya, alhali ba ɗaya ba ne. Ta Japan 26 x 1 3/8 ce, faɗin rim ɗinta milimita 590, ta VTT kuwa 559. Ba ta shiga, ko mai faci ya rantse maka. Wasu ma inci 27 ne. Kafin ka biya kuɗin keken, ka karanta lambar da ke gefen tayar, ka zaga rumfuna biyu ko uku ka tabbatar akwai ta. In giyar cikin nan ta lalace kuwa, ba kowa ke iya buɗe ta ba, galibi sai dai a nemo wata tayar baya ɗungurungum.

Na uku shi ne ya raba ni da nawa. Da yawansu birkin bayansu wani ɗan gwangwani ne mai ɗamara a ciki, in ya tsufa yana ihu kamar an taka wutsiyar kare. Wata safiya a ƙarshen Disamba na lallaɓa har bakin wani ragowar ruwa a gulbi, ƙasa da lambunan albasa. Kirinjijiya sun kai talatin a tsaye a gefen laka, fararen fuskokinsu duk sun juya wuri ɗaya, zalɓe guda a tsakiyar ruwa ko motsi ba ya yi. Ban taɓa kusantarsu haka ba. Na taɓa birkin baya a hankali, ya ƙwala ƙara. Zakaran ƙeƙuwa ne ya fara tashi yana tsegumi, sauran suka bi shi da fito, kafin in ɗaga madubi ba kowa sai da'irar ruwa. Wani dattijo da ke ban ruwa a kusa ya ɗago.

"Sannu da sanyi, Baba."

"Lokacinai ne, Malam. Wanga abin hawa naka, ai ko ɓarawo shi ka kora."

A cikinsu akwai masu wani irin birkin baya na Shimano mai faifan shan iska a gefe, shi ba ya kuka in an sa masa giris ɗinsa. In za ka sayi ɗan Japan, ka hau, ka yi gudu kaɗan, ka matse birkin baya da ƙarfi ka saurara.

VTT na gwanjo daga Turai

Shi nake hawa yanzu, saboda haka a rage wani abu daga yabona. Taya inci 26 mai faɗin kusan inci biyu, giya 18 ko 21, birkin waya mai roba biyu da ke matse rim. A rairayi ba wanda ya kama ƙafarsa a cikin huɗun nan. In ka rage iskar taya har yatsa ya ɗan shiga in ka danna, hanyar amalanken da ke ratsa gonaki zuwa gaɓar gulbi za ka bi ta a kan sirdi, inda mai ɗan Japan yake turi. A hawan tudu ka sauke giya ka yi ta murza feda a hankali, iska ta yi abin da za ta yi.

Abin da wannan ke ba ka shi ne wurare. Tsuntsayen ɗari ba a bakin kwalta suke ba. Suna ƙarƙashin gawo, wanda ke yin ganye da fure lokacin da yawancin itatuwa suka zube, suna cikin kabar goriba, suna gefen rijiyoyin lambu. Shamuwa ta tafi kudu tun ƙarshen damina, sai baƙi daga Turai suka maye gurbinta, waɗanda ke ratso Sahara wajen Satumba da Oktoba. Wanda na fi so a cikinsu wani ɗan siriri ne mai rawayan ciki, bai kai giram 20 ba, yana yawo tsakanin ƙafafun shanu tare da balbela, yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa ba hutawa, yana cafke ƙwarin da kofato ya tayar. Sai ka bi shanu cikin karan dawa kafin ka gan shi da kyau, can kuwa VTT kaɗai ke kai ka.

Shi ne kuma keken ranar Lahadi, in za a je tabkin Madarunfa, kilomita 20 da ƴan kai kudu da gari. Tabkin da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi kowa ya san su, a 2019 kuma aka sa shi cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya. A Janairu, watan da ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa, bakinsa cike yake da ƙananan agwagin Turai da dogayen ƙafa masu tsattsagar laka. Tafiya da dawowa kusan kilomita 50 ne, rabin dawowar da iska a kafaɗa. A kan baƙin keke an sha yi, amma washegari ba ka fita.

To, ga kuɗin da ake biya. Duk giyarsa a waje take tsirara, ƙura tana cin rabonta kullum. Ni duk kwana uku nake goge sarƙa da tsumma, in ɗiga mai kaɗan, in sake gogewa har ta kusa bushewa. Kada ka bari a shafa maka baƙin man mota, shi ne abincin ƙura. Ba ya zuwa da kariya ko kwando ko fitila ko madigadi, duk sai ka saya ka ɗaura, ka lissafa su cikin farashi tun farko. Zamansa a sunkuye ne, wuya yana gajiya in kana leƙen sama, ni sai da na sa aka ɗaga mini kansa. Tayar mai manyan ƙuraje tana gurnani a kan kwalta, amma a ƙasa shiru take, kuma a ƙasa ake buƙatar shirun. Mai kyau a cikinsu ya fi mudunmu tsada, wani lokaci nesa ba kusa ba. Shi ne kuma wanda ɓarawo ya fi so, kada ka jingine shi a ƙofar masallaci ba sarƙa.

Babban haɗarinsa a wurin saye yake, don gwanjo sa'a ce in ba ka san abin dubawa ba. Tafi da ɗan maganaɗisu: in ya manne, jikin ƙarfe ne, mai walda na unguwa zai iya da shi, in bai manne ba alminiyum ne, ya fi sauƙin ɗauka amma in ya tsage ya tafi ke nan. Duba duk mahaɗa ko akwai tsaga ko fentin da ya tattare. Ɗaga keken ka juya kowace taya ka ga ko tana layi. Duba haƙoran faifan baya, in sun yi tsini kamar ƙaya to da su da sarƙa duk na canji ne. Kwance sirdi ka ga ko sandarsa tana motsi, don takan yi tsatsa ta manne har abada. Zaɓi taya 26, ka bar 27,5 da 29 ko sun fi kyan gani, tayarsu wahala gare ta a nan. Guji birki mai aiki da mai. Guji siririn bawul irin na Faransa, nemi mai kauri irin na babur wanda famfon kowa ke kamawa. In ka sami wanda ba shi da shokozoba ko kaɗan, ka riƙe shi da hannu biyu: ya fi sauƙi, ba kuma abin da ƙura za ta daskarar.

Sabo mai sheƙi

Waɗannan su ne a jere a gaban shaguna, ja da kore da ruwan zinariya, da leda a jiki, da shokozoba gaba da tsakiya, da birkin faifai, da sunan da ba ka taɓa ji ba an rubuta da manyan baƙaƙe. Kuɗinsu bai cika nisa da mudunmu ba, shi ya sa suke jan ido: sabo fil, ga giya 21, a kuɗin baƙin keke.

Irinsa ne na ɗan ƙanena. A kwana na huɗu giya ta fara tsalle da kanta, a na tara hannun birki na roba ya lanƙwashe, faifan gaba yana gogar wani abu yana tsiwa duk juyi. Shokozobar tsakiya tana shanye rabin ƙarfin da ka murza, a hawan tudu sai ka ji kamar kana tuƙa katifa, ga nauyi bai bar baƙin keke da komai ba. Na kai wa mai gyaranmu, wani tsoho da ya fi shekara talatin a ƙarƙashin bedi ɗaya.

"Baba, a duba mini wannan."

Ya matsa feda da hannu, ya saurara, ya saki. "Malam, wanga keken salla ne. A hau a ɗauki hoto a maida shi ɗaka."

Tayarsa tana da faɗi, a makon farko yana bin rairayi lafiya lau, wannan gaskiya ne. Ga yaron da zai zaga unguwa da marece ba laifi. Ga hawan kullum cikin ƙura, kuɗin gyaran wata uku zai cike gibin da ke tsakaninsa da na gwanjo mai kyau.

Keken tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai ban sa shi a lissafi ba. Daga inda kwalta ta ƙare shi ma ya ƙare.

| Ma'auni | Baƙi mai kariya | Ɗan Japan | VTT na gwanjo | Sabo mai sheƙi |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Shi ne mudu | Kusa da mudu | Sama da mudu | Kusa da mudu |
| Kuɗin riƙo | Kaɗan ƙwarai | Kaɗan | Matsakaici | Mai yawa |
| Ƙarko | Shekaru da yawa | Mai kyau | Mai kyau in an zaɓa da ido | Gajere |
| Rairayi | Tsaka-tsaki | Rago | Gwani | Da farko kawai |
| Hawa da iska | Wahala | Da sauƙi in mai giya uku ne | Da sauƙi | Nauyi |
| Jure ƙura | Sosai | Sosai | Sai da goga | Ba ya jurewa |
| Samun kayan gyara | Ko'ina | A duba lambar taya | A cikin gari | Akwai, ba sa daɗewa |
| Shiru | Surutu | Shiru, ban da birki | Shiru a ƙasa | Tsiwa |
| Wurin kaya | Kariya | Kwando da kariya | Sai an ɗaura | Sai an ɗaura |
| Haɗari | Birki mai rauni | Zamewa a yashi | Sata, saye a makance | Karyewar birki |

Akwai abin da ya shafi duk huɗun. Ranar da hazo ya sauka sosai, direban babbar mota a hanyar Ɗan Isa ba ya ganinka sai ya zo kanka, amalanke kuma ba shi da fitila. Jar fitila a baya da riga mai haske ba ado ba ne. In ƙirjinka mai ciwo ne, irin wannan rana ka bar ta ta wuce. A sa tsohon tub da aka tsaga a shimfiɗa cikin taya tsakaninta da sabon, yana tare rabin tsidau. Kowane dare bayan isha'i ka danna tayoyin biyu da yatsa, in ɗaya ta yi laushi ka yi faci a daren. Kudu da Madarunfa, wajen dajin Baban Rafi da ƙauyukan bakin iyaka, ba wurin yawon mutum ɗaya ba ne a shekarun nan saboda ƴan bindiga, ka tsaya inda jama'a suke, ka tambayi mutanen gari. Kuma kada ka ɗaga madubin hangen nesa kusa da shingen jami'an tsaro ko wata ma'aikata, bayanin cewa cilakowa kake kallo ba ya saurin karɓuwa.

Wa ya dace da wanne

In hanyarka kwalta ce da burji mai tauri, daga gida zuwa aiki da ɗan zagaye ta bakin lambuna, ko kai dattijo ne, ko ba ka son rabuwa da doguwar riga, ɗauki ɗan Japan mai giya uku, bayan ka saurari birkinsa ka kuma ga tayarsa a kasuwa. Haka ma ga ƴarka ko ƙanwarka, sai dai a sa ragar da ke rufe saman tayar baya don kada hijabi ya shiga.

In tsuntsayen ne suka fito da kai, kana son gaɓar gulbi da cikin gonaki da Madarunfa lokaci-lokaci, kuma ba ka ƙyashin tsumma da mai duk kwana uku, VTT na gwanjo ne naka. Tafi da mai gyara ranar saye, ka biya shi ladan rakiya.

In keken zai yi aiki biyu, motsa jiki da safe, ɗauko kaya da rana, ko kana zaune a Tibiri ko Jiratawa ko wani ƙauye inda mai gyara ɗaya ne, baƙi mai kariya ba zai ba ka kunya ba. A canza faifan baya, a ɗaure duk abin da ke kaɗawa.

In kuɗinka sabo mai sheƙi kawai za su saya, ka saye tsohon baƙi da su, canji ya rage.

In kuwa akwai wani keke a jingine a zaure tun zamanin mahaifinku, ƙura ta rufe shi, kada ka sayi komai tukuna. Taya biyu, tub biyu, sarƙa, robar birki da giris, rana ɗaya a wurin mai gyara. Abin da ya saura a sa a madubin hangen nesa mai lamba 8x42 da safar hannu da man kaɗanya na leɓe. Baƙin nan na Turai suna gulbi har cikin Maris.